Bin Sawun Ruwan Ƙazanta a Kwarin Drôme

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Valence zuwa Die ba mai gaggawa ba ne. Yana fara gangarawa kudu, gefe da gefe da babban kogin Rhône, sai ya isa Livron ya karkata gabas, ya kama bakin wani ƙaramin kogi mai suna Drôme, wanda lardin gaba ɗaya ya ci sunansa. Daga nan har ka sauka da wuya kogin ya ɓace maka. Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da a Katsina gero ya fid da kai, kowane kududdufi ya cika ya batse. A kudu maso gabashin Faransa kuwa wannan shi ne tsakiyar rani. Gadon kogin faffaɗa ne, farar tsakuwa shimfiɗe, ruwan kuma ya rarrabu 'yan siraran hanyoyi yana lalube a tsakaninta. Mun wuce Crest da doguwar hasumiyarta mai tsawon mita 52, muka wuce Saillans inda kwarin ke matsewa, duwatsun farar ƙasa suka tsaya ta kowane ɓangare, ga gonakin inabi a gindinsu, ga na furen lavanda da aka riga aka girbe tun watan Yuli.

Ɗan ƙanwata ne ya tare ni a tashar Die. Haifaffen Maraɗi ne, can uwarsa ta yi aure. Ya yi karatu a Yamai, ya ƙaro a Faransa, yanzu aikinsa zagaya ƙananan matatun ruwan ƙazanta na ƙauyuka yana duba lafiyarsu. Tun a waya ya ce mini, "Kawu, ka taho da takalmin da ba ka jin tausayinsa, don rafi za mu shiga." Ni kuwa da na yi shekaru ina aikin malamin gona tare da masu lambu a bakin rafuka, na sha ganin abin da ruwan gari ke yi wa mutanen da ke ƙasa da gari, shi ya sa wannan gayyata ta fi mini zuwa kallon Paris.

Tsawon Drôme kilomita 110 ne, daga mafarinsa a La Bâtie-des-Fonds har inda ya faɗa Rhône tsakanin Livron da Loriol. Babu babban birni ko ɗaya a bakinsa. Die kanta, wadda ita ce cibiyar yankin, ba ta kai mutum 5,000 ba. In ban da garuruwan Crest da Livron da Loriol da ke can ƙasa, sauran ƙauyuka ne, wani mutum ɗari biyu, wani hamsin, kowanne da magajin garinsa, kowanne a bakin wani ɗan rafi da ke gangarowa ya shiga kogin. Haka ƙasar take gaba ɗaya: Faransa na da ƙananan hukumomi kusan 35,000, da matatun ruwan ƙazanta sama da 20,000, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na matatun nan an gina su ne don mutanen da ba su kai 2,000 ba. In ana maganar tace ruwan ƙazanta hankalin mutum yakan tafi ga manyan tankunan siminti na birni. A lissafin adadi kuwa, na ƙauye su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Da sassafe muka hau mota muka yi gabas. Mun ɗan tsaya a Claps, gaba da Luc-en-Diois, inda dutse ya tsage ya zubo a 1442 ya tare kogin, har yau manyan duwatsun na nan jibge, ruwa na bi ta ƙarƙashinsu. Daga nan muka saki babbar hanya muka bi wani rafi har wani ƙauye mai mutum wajen ɗari uku.

Da ba a nuna mini ba, da na wuce wurin ban san matata ba ce. Fili ne a gangaren ƙauyen, an kewaye shi da waya, cike da kyauro kore shar wanda ya fi mutum tsawo. Ba injin, ba ƙara, ba wayar lantarki, wari kuma sai ka zo dab da mashigar ruwan kake jin sa. Wani dattijo ma'aikacin ƙauyen ya riga mu zuwa, riƙe da manjagara. Shi ne mai yankan ciyawar maƙabarta, shi ne mai share ƙanƙara da hunturu, shi ne kuma mai kula da matata. Muka gaisa, yaron yana fassara, ya ɗaga murfin ƙarfe ya nuna mini farkon aikin: wata raga mai sanduna a jere, wadda duk ruwan banɗaki da na wanke-wanke da na wanka na ƙauyen ke ratsawa. Ya ja manjagara a kanta, ya fito da tsummokaran goge jiki da ake saya a kanti, sun naɗe sun zama igiya, ya zuba a bokiti. Ya ce wannan ne aikin da ya fi ci masa rai, domin a jikin leda akan rubuta cewa ana iya jefa su a masai, alhali ba sa narkewa.

Bayan ragar akwai rami inda ruwan ke taruwa. Muna tsaye ya cika, wata na'ura da ke aiki da nauyin ruwa kawai ta nutse, sai ruwan ya kwarara gaba ɗaya. Muka bi shi da ido ya ɓulɓulo daga bakunan bututu da ke tsaye a cikin kyauron, baƙi-baƙi, ya malale fangali ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin mu gama magana ya tsotse, ya bar laka mai sheƙi. Da gangan ake sakin sa a tashi ɗaya, don ya baje ko'ina, kuma in yana nutsewa ya jawo iska a bayansa zuwa cikin tsakuwa.

Fangali uku ne a hawa na sama, cike da tsakuwa, an shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashinsu don kada ruwa ya zurare cikin ƙasa. Ɗaya ke karɓar ruwa kwana uku zuwa huɗu, sannan dattijon ya juya makulli zuwa na gaba, wancan ya huta mako guda, kamar yadda manomi ke barin gona saura don ta farfaɗo. A hawa na ƙasa fangali biyu ne na yashi, su ke ƙarasa aikin. Ana lissafa wa kowane mutum murabba'in mita biyu, saboda haka ƙauye mai mutum 300 fili mai murabba'in mita 600 ya ishe shi. Cibiyar bincike ta Cemagref ce ta daidaita wannan tsari a shekarun 1980, yau kuma akwai irinsa sama da 3,000 a ƙasar.

Na tambaya ko kyauron ne ke shanye ƙazantar. Yaron ya ce, "A'a Kawu, kaɗan yake sha. Masu aikin ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin tsakuwa da saiwa. Shi kyauro, iska ce ke kaɗa shi, karansa ya riƙa buɗe 'yan ramuka a cikin lakar, don kada ta toshe." Na durƙusa na duba, kuwa haka ne, a gindin kowane kara akwai ɗan zobe a buɗe. Lakar tana ƙaruwa santimita biyu ko makamancin haka a shekara, tana bushewa tana zama baƙar ƙasa, sai bayan shekara 10 zuwa 15 a kwashe ta. Kyauron kuma sau ɗaya ake yanke shi a shekara, in sanyi ya shigo. Gaskiya tsarin ya burge ni ƙwarai, musamman da na ga gangaren ƙasa kaɗai ke tura ruwan daga farko har ƙarshe.

A mafita yaron ya tara kwalba ya miƙo mini. Ruwa garau, in ban da ɗan rawaya-rawaya da sai ka ɗaga shi sama kake gani. Na shinshina, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai na ji. Mu da muka tashi ana koya mana a fiƙihu a duba launi da ɗanɗano da ƙamshi, ido da hanci su ne ma'auninmu na farko, kuma ma'auni ne mai kyau a inda aka ajiye shi. Sai dai akwai abubuwan da ke narkewa a ruwa ba su canza ko ɗaya daga cikin ukun nan. Matata irin wannan in tana da lafiya takan cire sama da kashi 90 cikin 100 na ƙazantar da ke ruɓewa. Amoniyar fitsari kuwa juya ta take yi ta koma naitiret, ba ta raba ruwan da ita. Fosfaras kaɗan take riƙewa, kuma yashin na tsufa riƙon na raguwa. Ƙwayoyin cuta suna raguwa, ba su ƙarewa. Ragowar magungunan da mutane suka sha, irin su diclofenac na ciwon gaɓoɓi, wasu na wucewa. Naitirojin da ke cikin naitiret da fosfaras ɗin nan su ne N da P da ke rubuce a buhun takin zamani. Wato abin da ke fita daga bututun taki ne narkakke, ana zuba wa rafi dare da rana.

Nan ne takalmin ya yi amfani. Muka fara hawa sama da bututun, tafiyar 'yan mintoci, muka shiga ruwa iya idon sawu. Sanyinsa har cikin ƙashi. Duwatsun farare ne tas, ƙafa na kama su. Yaron ya ce in ɗago ɗaya in juya. A ƙarƙashinsa na ga wasu 'yan halittu shafaffu masu jela uku suna gudu gefe-gefe suna neman inuwa, da wata mai jela biyu wadda ta fi su ƙarfi, da wasu 'yan bututai da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, an gina su da ƙwayoyin yashi ɗaya bayan ɗaya, an manna a jikin dutsen. Na taɓa ɗaya, wani ɗan baƙin kai ya leƙo ya koma. Tsutsa ce ta gina wa kanta gida. Duk waɗannan 'ya'yan ƙwari ne da ke yin watanni, wasu fiye da shekara, a cikin ruwa kafin su yi fiffike, kuma masu jela biyun nan ba sa zama sai inda ruwa ke da sanyi da wadatar iskar oksijin. Su ne abincin kifin ruwan sanyi da masunta ke zuwa nema a waɗannan rafuka.

Sai muka gangaro, muka wuce bututun da 'yan taku. Rafi ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma ƙafata ta fara zamewa. Duwatsun sun yi santsi, gansakuka ta yi dogon gashi kore tana bin ruwa. Na juya dutse: ƙarƙashinsa baƙi, ga matsattsaku biyu sun lafe, ga jajayen tsutsotsi sirara a cikin laka, ga ƙananan katantanwa birjik. Masu jela biyu ko ɗaya ban gani ba. Rai na nan, har ya fi na sama yawa in ƙirga za a yi, sai dai iri kaɗan ne, masu jure wahala. Mun ci gaba da gangarawa muna juya duwatsu, sai da muka yi nisa, bayan wani ɗan marmaro ya shigo, sannan masu gidan yashi suka fara dawowa.

Wannan juya dutse da muka yi ba wasa ba ne, haka hukuma ke auna rafi. Tun 1992 Faransa ke da ma'auni na ƙasa da ke ba rafi maki bisa 20 gwargwadon ire-iren ƙananan halittun da aka samu a gindinsa, daga baya aka sabunta shi. Hikimar a fili take. Kwalbar da ka ɗiba da hantsi labarin hantsin nan kawai za ta ba ka. Tsutsar da ta yi wata shida a ƙarƙashin dutse kuwa, samuwarta ko rashinta labarin wata shidan ne, har da daren da matata ta yi ambaliya ba wanda ya gani.

Muka zauna a inuwa, ya yi mini lissafi a bayan takarda. Mutum a Faransa yakan yi amfani da lita 150 na ruwa a rana. Mutum 300 ke nan lita 45,000, wato wajen rabin lita a kowace daƙiƙa. A ce a watan Afrilu, ƙanƙarar kan duwatsu na narkewa, rafin na kawo lita 100 a daƙiƙa: ruwan matata kashi ɗaya ne cikin 200, ba zai ko nuna ba. A ce a Agusta rafin ya koma lita 2: yanzu kashi ɗaya ne cikin biyar. Kuma a Yuli da Agustan ne masu yawon hutu ke cika gidajen haya da sansanonin tanti, har yawan mutanen ƙauye ya ninka. In ya ninka, sulusin abin da ke gudu a rafin daga bututu ya fito. Ba abin mamaki ba ne a sami miligiram 5 na fosfaras a kowace lita ta ruwan da irin wannan matata ke fitarwa, alhali iyakar da aka sa wa rafi mai lafiya miligiram 0.2 ce. Ka raba 5 gida biyar, har yanzu kana da ninki biyar na iyakar.

Ga kuma zafi. Ruwa mai digiri 10 yana riƙe oksijin kusan miligiram 11 a lita, mai digiri 25 kusan 8 kawai. Gansakukar da takin nan ya ciyar tana ba da oksijin da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, saboda haka gab da asuba ne iskar ke ƙaranci, lokacin da ba mai aunawa. Amoniyar da ta tsira kuma dafinta ga kifi yana ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi, kuma ya fi tsanani a ruwan da ya ratso dutsen farar ƙasa, irin na wannan kwari. Komai ya haɗu a wata ɗaya: ruwa ya ragu, mutane sun ƙaru, rana ta yi zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matatar nan ba ta karya doka ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta fi mai da hankali ga garuruwa masu mutum 2,000 zuwa sama. A Faransa, ƙa'idar 21 ga Yuli 2015 ta ce ƙaramar matata ta cire aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙazantar da ke ruɓewa, ko ta sauko da ita miligiram 35 a lita. Ba ta sa wa ƙananan adadi na bai-ɗaya kan naitirojin da fosfaras ba, sai in wakilin gwamnati a lardin ya ga rafin na bukata ya ƙara sharaɗi. Cikakken awo na awa 24 kuwa, matata mai mutum 200 zuwa 500 sau ɗaya ake wajabta mata a shekara biyu, mai 500 zuwa 1,000 sau ɗaya a shekara. Rana ɗaya cikin sama da 700, kuma ba lalle ranar ta faɗo a Agusta ba. A ganina nan gizo ke saƙar. Takarda na tambayar abin da ya fito daga bututu, ba ta cika tambayar ruwa nawa ne ya tarye shi ba. Wata dokar Turai ta 2000 ita ce ta juya tambayar zuwa ga kogin kansa, ta ce a kai koguna matsayin lafiya kafin 2015, aka ɗaga wa'adin zuwa 2027, kuma har yanzu waɗanda suka kai matsayin a Faransa ba su kai rabi ba. A ƙarshen 2024 an sabunta dokar 1991, an sauko da iyakar zuwa mutum 1,000 nan da 2035, an kuma ɗora wa kamfanonin magani da na kayan shafa aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin cire ragowar sinadaransu. Ci gaba ne na gaske, amma ƙauyen da na tsaya a cikinsa yana ƙasa da wannan iyaka ma.

Washegari ya kai ni wata matatar da ba ta samu mai manjagara ba. Ma'aikacin ƙauyen ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba, magajin gari da kansa ke leƙawa in ya samu sarari. Ragar ta toshe, ruwa ya bi ta hanyar ambaliya ya nufi rafi ba tare da ya taɓa tsakuwa ba. An bar fangali ɗaya yana shan ruwa makonni, ya zama tabki mai wari, wata ciyawa mai naɗo ta hau kyauron ta kwantar da shi. A bakin rafin tsummokara na rataye a jikin saiwoyi har tsayin gwiwa, shaidar hadarin da ya wuce, domin tsofaffin bututun ƙauyen na haɗa ruwan sama da na banɗaki, in aka yi ruwa mai ƙarfi matata ba ta iya ɗauka. Ban ga laifin magajin garin ba. Kuɗin gini akan samu tallafinsa daga hukumar ruwa ta yankin da ke Liyon, ɗaya daga cikin shida da dokar 1964 ta kafa, waɗanda ke tara kuɗi daga takardar biyan ruwan kowa. Kuɗin kulawa na mako-mako kuwa a wuyan ƙauye yake, kuma ƙauye mai mutum ɗari ba shi da yawan masu biya. Yaron ya share ragar da kansa, ya juya makulli, ya rubuta rahoto. Na ga ransa ya ɓaci har muka bar wurin bai yi magana ba.

Ta uku ita ce ta kwantar mini da hankali. Tsarin ɗaya ne, sai dai bututun mafita bai kai rafi ba. An bar shi ya zuba a wani fili mai lanƙwasassun magudanai, an dasa itatuwan bakin ruwa. Da hunturu ruwa kan bi ya isa rafin, lokacin da rafin ke da ƙarfin ɗauka. Da rani ƙasa da itatuwa ke shanye shi tun bai isa ba. Mun bi magudanar, tana raguwa tana raguwa har ta zama danshi kawai. Ba kowane wuri wannan ke yiwuwa ba, sai an tabbatar babu rijiya ko marmaron sha a kusa. Wasu wuraren gishirin ƙarfe ake ɗigawa don ya kama fosfaras, wasu a ƙara fangali na wani dutse mai suna afatait, wasu kuma da ke sama da wurin wanka a haska ruwan da fitila mai kashe ƙwayoyin cuta. Kowanne da kuɗinsa. Muka juya duwatsu a ƙasa da wannan, na samu masu jela biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka kogin Drôme a lalace yake. A hanyarmu ta komawa mun tsaya a Saillans da la'asar, bakin kogi cike da iyalai, yara na tsalle cikin ruwa, ƙananan kwale-kwale na wucewa. A shekarun 1980 mafi yawan kogin nan an hana wanka a cikinsa. Ƙauyuka da dama kai tsaye suke zuba ƙazantarsu, ga juji a gaɓa, ga masu haƙar tsakuwa sun zurfafa gadonsa. Ƙananan hukumomin kwarin suka haɗa kai, suka sa hannu a yarjejeniyar kogi ta farko a 1990, a 1997 suka zama na farko a Faransa da aka amince wa da cikakken tsarin kula da ruwan kwari guda. A 2005 aka ba kogin babbar lambar yabo ta koguna a Brisbane ta Ostireliya. Ƙananan matatun nan da nake ta bin diddiginsu suna cikin abin da ya kawo wannan sauyi, ba na shakka. A gandun Ramières, tsakanin Crest da Livron, wanda aka keɓe tun 1987, karen ruwa ya dawo. An kuma yi shekaru ana sako 'ya'yan wani ɗan kifi mai suna afuron, wanda babu shi ko'ina a duniya sai a kogunan Rhône, ana ƙyanƙyashe su a birnin Besançon. Kifi ne mai kwanciya a kan tsakuwa, sai dare yake fita kiwo, kuma tsutsotsin nan masu jela su ne abincinsa. In gansakuka da laka suka rufe tsakuwar, ba shi da wurin zama.

Abin da ke damun masu aikin yanzu ruwan ne ke raguwa. A shekarun fari ƙarshen kogin wajen Livron yakan ƙafe, ga zafi ga masu noman rani na ja. A Agustan 2022 gwamnati ta sanar cewa sama da garuruwa 100 a ƙasar famfonsu ya ƙafe. Matatar da aka gina bisa lissafin rafin shekara talatin da suka wuce tana nan yadda take, rafin ne ya canza a ƙarƙashinta.

A mota muna komawa Valence hira ta koma gida, don dole ta koma. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi, ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Ni da yaron nan ashe gulbi ɗaya ne ya haɗa mu, ni a sama shi a ƙasa. Mu kuma raninmu ba wata biyu ba ne. Ginzo a Katsina, Jakara a Kano, Gunti Yena a Yamai, da rani kusan duk abin da ke gudu a cikinsu ruwan kwata ne, kuma da shi ake ban-ruwan latas da kabeji da ake ci ɗanye. Na yi aiki da masu lambun nan, na san ba su da wani ruwan, na kuma san takin da ke cikinsa na rage musu sayen buhu.

Na tambaye shi ko fangalin kyauro zai yi a wurinmu. Ya ce, "Kawu, zafi ma taimako yake yi." A yankunan Faransa masu zafi irin su Mayotte da Martinique hawa ɗaya ake yi, murabba'in mita ɗaya ko ƙasa da haka ga kowane mutum, kuma ba kyauron Turai ake dasawa ba, tsiron wurin ake nema. Na ce masa lalle a yi hattara da wannan, duk wanda ya ga yadda kacala ta cinye fadamun Haɗeja da Nguru ba zai so a kai ta inda babu ita ba. Ya ce a Yawunde da Dakar an gwada wata ciyawa dangin burgu wajen busar da lakar masai, ta yi kyau, kuma ciyawa ce da dabbobi ke ci. Ƙauyukanmu ba su da bututun da ke tara ruwan gari wuri ɗaya, masai da sokawe ne, saboda haka ba a ƙauye za a fara ba. Makarantar kwana, asibiti, mahauta, babbar kasuwa, da wurin da motocin kwasar masai ke juyewa, nan ne ƙazanta ke taruwa da yawa a wuri ɗaya, nan ne kuma ake da shugaba ɗaya da za a iya tambaya. Ruwan da ya fito kada a sake shi gulbi, a kai shi ga itatuwa da ciyawar dabbobi, a bar kayan lambun da ake ci ɗanye sai an ƙara masa wani matakin. Na ƙara masa da abin da na gani a matata ta biyu: albashin mai share raga da juya makulli a rubuta shi cikin kasafin tun ranar da ake rubuta kuɗin tsakuwa. Muka yi alkawari in ya zo hutu a watan Afrilu za mu je Jibiya tare, mu bi gulbin zuwa Maraɗi lokacin da ruwa ya fi ƙaranci, mu rubuta inda kwatoci ke shiga da inda mutane ke ɗiba.